Mutum Ɗaya a Kanyar Maharba

Ranar zaman makokin Kawu tabarmi suka yi mana kaɗan. An aika aro gidajen maƙwabta, duk da haka wasu a kan takalmansu suka zauna. Ni ina cikin gida tare da mata, amma ɗakin Inna yana da ƴar taga mai kallon ƙofar gida, ni kuma na kasa zama wuri ɗaya. Ta nan na riƙa ganin masu zuwa, ina jin abin da suke faɗa.

Ma'aikatan biro, ofishin taswirar da ya yi aiki a ciki, su ne suka fara isowa da manyan rigunansu. Suka yi addu'a, suka ce Madarumfa ta yi rashin mutum mai tsare gaskiya. Wanda ya fi kowa ɗaga murya a cikinsu shi ne wanda Kawu ya fi mayar wa da takarda a gyara, kuma na san irin sunayen da yake kiran Kawu da su a bayan ido. Amma ranar ba ta tone-tone ba ce. Bayan su sai direbobin hanyar Ɗan Issa, sai masunta daga bakin tafki, sai ɗan kabu-kabun da ya yi shekaru yana goya Kawu a moto, wato babur, wanda shi ma yanzu furfura ta fito masa. Wannan ko gaisuwa bai iya ƙarasawa ba. Ya ce, "Tsohon nan moto biyu ya kashe mani cikin daji, amma wallahi da za ya tashi yau da na sake goya shi." Ya cire hula ya rufe fuska da ita.

Da hantsi wasu tsofaffi suka iso a ƙasa daga wajen garin Sarkin Yamma. Anna ne, masu bin addinin kakanni. Suka ajiye damin gero a bakin zaure, suka zauna can gefe. Da liman ya ɗaga hannu ba su ɗaga ba, amma sun sunkuyar da kai, kuma su ne na ƙarshen tashi.

Sai mutanen Kanyar Maharba, ƙauyen da aka haifi Kawu da Inna. Ba daga wuri ɗaya suka zo ba, don yanzu ba su da wuri ɗaya. Wasu daga Maraɗi, wasu daga bakin sabuwar hanya, wasu daga tsallaken iyaka. Wata tsohuwa a cikinsu ta shigo wajen mata, ta durƙusa gaban Inna ta yi mata ya haƙuri, sannan ta ce da muryar wadda ba ta damu da wa zai ji ba, "Allah shi jiƙan shi, Allah shi yi mashi rahama. Amma shi ya kashe garin." Mata suka yi mata caa, wai ta ji tsoron Allah, ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba. Inna ta ci gaba da jan carbinta.

Maganar tsohuwar nan ce ta zaunar da ni rubutu. Ina tsoron nan gaba kaɗan a rasa mai tuna Kawu sai da ɗaya daga cikin maganganun nan biyu, ko mai gaskiya, ko wanda ya kashe gari. Ni da na zauna kusa da shi a biro ɗaya ina da abin da zan ƙara.

Su uku ne a ɗakinsu: Kawu Babba, wanda ya gaji ubansu a matsayin maigari, sai Kawu, sai Inna auta. Gidansu gidan Anna ne. Kawu kaɗai aka kai lakwal, makarantar boko, can ya musulunta, can kuma ya koyi zanen taswira. Inna ta musulunta da aure ya kawo ta Madarumfa. Kawu Babba ya tsaya kan abin da ya iske ubansa yana yi har ya bar duniya. Ni ce ɗiyar farin Inna, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" nake, ko "waccan". In baƙo ya tambaye ta ƴaƴanta nawa, daga ƙanena take farawa, in ma ta yarda ta ƙirga. Kawu ne ya riƙe ni kamar tasa, ya tsaya sai da na yi karatu, shi ne kuma ya zaunar da ni gaban ordinater, na'ura mai ƙwaƙwalwa.

Aikinmu ba shi da wuyar ganewa. Muna zuba ƙasa ne cikin na'ura. Kowane ƙauye ɗigo ne, kowace hanya zare ce. A bayan kowane ɗigo akwai gurbin da ake rubuta yawan mutanen wurin, sai na'ura ta dubi adadin ta kumbura ɗigon daidai da shi. Gari mai jama'a ya fito ƙato, ƙaramin ƙauye ya fito kamar ƙwayar gero. In aka rubuta sifiri, ɗigon ba shi da girman da ido zai gani, ya ɓace ke nan. Daga nan sai a ɗora taswirar hanyoyi bisa ta mutane, a ga inda jama'a ta yi yawa hanya ta yi ƙaranci. Da wannan takarda manya ke zama su zaɓi inda za a zuba latarit, jar ƙasar da ake shimfiɗa hanya da ita, da inda za a gyara.

Kawu da tawada da takarda mai shara-shara ya fara. Lokacin da ordinater ya shigo biro, gemunsa ya riga ya yi fari, kowa ya ɗauka zai tattara alƙalumansa ya koma gida. Bai san wannan zance ba. Ya zauna ya koya da yatsa biyu, yana danna kowane harafi kamar yana kashe kwarkwata, yana yi wa na'urar faɗa in ta yi nawa. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke kafin ya adana aiki, sai ya dubi baƙin gilashin ya ce, "To, kin ci. Allah shi isa." Washegari ya sake daga farko ba tare da ya ƙara magana ba. Har ya ajiye aiki fensir bai bar bayan kunnensa ba, ko da yake ban ga abin da yake rubutawa da shi ba sai sosa kai.

Yana da abubuwan da ba ya sassauci a kansu. Taswirar da ba ta da ma'auni da kibiyar arewa ba ta fita daga ɗakinsa, ko da prefe, shugaban gundumar, shi ke jiranta a mota. Ba ya yarda a shafa wa wurin da mutane suka yi yawa jan launi, kamar yadda na'ura ke so ta yi da kanta. Yakan ce, "Mutane ba annoba ba ne. Sa masu kalar ƙasa." Hanya kuwa ba ya zana ta daga hoton sama kawai. Sai ya hau bayan moto da ƴar na'urar da ke bin sawu a hannu, a bi ta daga farko har ƙarshe, rani da damina, don hanyar da ke nan a watan zafi ba lalle ba ne tana nan in kwari ya cika. A haka ya kashe wa bawan Allah nan moto biyu. Sai babbar dokarsa, wadda ya faɗa mini ranar da na fara aiki, ya kuma maimaita har na gaji da ji: "Kada ki rubuta abin da ba ki ƙirga ba."

Tsofaffin Annan da suka kawo damin gero, ga abin da ya haɗa su. Wata shekara an ja zaren wata hanya a miƙe, ya ratsa ta kan wata tsohuwar tsamiya inda suke yanka tun kakanni. Masu aikin ba su sani ba, a hoton sama itace ne kamar kowane itace. Kawu ya sani, don a irin gidan ya tashi. Ya bar wannan addini tun yana yaro, ba ya cin yankansu, ya sha yi musu wa'azi har su gaji su ba shi fura. Amma ya hau moto ya je ya ɗauko wurin, ya sa masa alama a taswira, ya rubuta a gefe cewa wurin ibada ne na mutanen garin. Wani abokin aikinsa ya ce masa, "Malam, kai da sallarka za ka tsare wa tsafi wuri?" Ya ce, "Ba ni na dasa ta ba. Tana nan, na rubuta tana nan." Hanyar ta karkace ta bar tsamiyar a hannun dama, har yau direbobi suna zagin kwanar.

Wannan mutumin da ya karkatar da hanya saboda itace, shi ne ya ƙi ƙara wa garinsu mutum ko ɗaya.

An zo da wani aikin hanyoyi, za a yi hanyar latarit guda ɗaya a yankin, kuma ƙauyen da ya kai wani adadi ne kawai zai shiga zaɓe. Kanyar Maharba ta gaza. Ba don mutane sun yi kaɗan ba. Lokacin da masu ƙidaya suka je, garin ya yi abin da ya saba yi. Babu uwar da ta ambaci ɗan farinta, kunya ba ta bari ba. Jarirai aka ce ba su isa ƙirgawa ba tukuna. Tsofaffi suka kora yara gona tun da safe, don a wurinsu ƙirga mutum kamar nuna shi ne ga mutuwa, ga kuma tsohon tsoron lanho, harajin kai, wanda bai gama fita daga jikinsu ba. Masu ƙidaya suka rubuta abin da aka ba su, suka tafi.

Ina sabuwa a biro ranar da Kawu Babba ya shigo. Ranar kasuwa ce, ya ajiye sandarsa a bakin ƙofa, ya ƙi kujera, ya tsaya bisa kan ƙanensa yana kallon gilashin.

"Wanne ne namu?"

Kawu ya nuna masa da bakin fensir.

"Wanga ɗan tsakin?"

"Abin da kunka ba masu ƙidaya ke nan, Yaya."

"To ƙara mashi. Ba hannunka ke yi ba?"

"Hannuna ne. Ka bari in zo da ma'aikata mu sake ƙirgawa gida-gida, wuni guda ya isa. Abin da munka samu shi zan rubuta."

Kawu Babba ya ja da baya kamar an watsa masa ruwan zafi. "Ka ƙirga mani yara? Kai ɗan lakwal, ka mance gidan da ka hito? Shekarar da anka ƙirga mu zamanin baba, mi ya biyo baya? Ba ƙyanda ce ta shigo ta kwashe su ba?"

"Ƙyanda ce ta kwashe su, Yaya, ba alƙalami ba."

"Ka san mun hi haka."

"Na sani."

"To?"

"Na san kun hi haka. Ban san da nawa ba."

Kawu Babba ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce, "Ban taɓa roƙon ka komi ba, yau na roƙa." Ya ɗauki sandarsa ya fita. Kawu ya dafe kansa a kan tebur, ni kuma na yi kamar ina neman wani abu a aljihun tebur don kada ya san na gani.

Kada a ce bai yi ƙoƙari ba. Ya buɗe hoton sama ya yi ta ƙirga rufin ɗakuna da rumbuna har idonsa ya yi ja. Ya rubuta a ƙasan taswirar cewa adadin wannan ƙauye bai cika ba. Ya tashi a zaman manya ya faɗa da bakinsa. Aka ce masa rumbu ba mutum ba ne, a kawo ƙidaya. Ya koma garin da kansa har sau biyu, aka ba shi ruwa, aka gaishe shi, yara kuwa ko ɗaya bai gani ba. Latarit ta tafi wani ƙauye a kan tudu. Daga ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa shi da wansa. Bayan ƴan shekaru ciwo ya kama Kawu Babba da damina, kwari ya cika, amalanke bai iya fita da shi zuwa likita ba, ya rasu a ɗakinsa.

Bayan mun dawo daga wannan rasuwa na kasa riƙe bakina. Na ce, "Kawu, da ka ƙara masu. Wa za ya sani?"

Ya ce, "Latarit ɗin guda ce, ɗiyata. Da na ƙara ma namu, da na ƙwace ma waɗanda sunka tsaya anka ƙirga su. Su ma suna da masu ciwo da damina."

Na ji haushinsa ranar, kuma ba zan ɓoye ba, har yau ban gama hucewa ba. Taurin kai ne ya haɗu da taurin kai, uwa ɗaya uba ɗaya, gari ya shiga tsakani ya murƙushe. Sai dai duk lokacin da na zauna neman daidai inda Kawu ya yi kuskure don in ɗora yatsa a kai, ba na samu.

Garin bai mutu rana ɗaya ba. Samari suka fara komawa bakin hanya. Mai injin niƙa ya bi su, mata masu sana'a suka bi injin. Daga baya ɓarayin daji suka fara shigowa suna kora shanu, wurin da mota ba ta zuwa kuma babu mai kawo ɗauki. Gida-gida aka riƙa cire ƙyaure ana ɗorawa a amalanke. Lokacin da gidan ƙarshe ya tashi, Kawu ya riga ya ajiye aiki, matarsa ta rasu, ƴaƴansa suna Yamai, ni ce a kujerarsa. Na je na gaya masa cewa a sabuwar taswira ɗigon Kanyar Maharba zai ɓace. Sai ya tambaye ni lafiyar yara.

Sati bai zagayo ba sai ga ɗan kabu-kabunsa a biro yana haki. Wai tsoho ya ɗaure kaya a amalanke, da buhun gero da akuyoyi, ya koma garinsu. Ƴaƴansa suka yi ta kira daga Yamai, Inna ta yi kuka, liman ya aika masa. Ni saƙo ɗaya Kawu ya aiko mini: "Ki zo ki ƙirga."

Haka muka shiga wani abu da ban san sunan da zan ba shi ba. Duk lokacin da za a sabunta taswira sai na hau moto mun ratsa dajin nan, ina waige-waigen ɓarayi a kowace kwana. Mu iske shi tsaye a ƙofar zauren ubansu, ya sa kaftaninsa na zuwa biro, fensir a bayan kunne.

"Madam mai ƙidaya, sannu da hanya. Bisimilla."

"Kawu, kai kaɗai ne fa."

"Ban ji ƙidaya ba."

"Ɗaya."

"Kin duba sauran gidajen?"

Dole in zaga kango-kango ina sallama, ƙadangaru suna gudu, shi yana biye da ni da sanda yana duba ko zan tsallake wani. In mun dawo ya ce, "Nawa?" In ce, "Ɗaya." Ya ce, "Akuyoyin hwa?" In ce ba su cikin tsari. Ya yi dariya har da tari, ya dama mana fura da hannunsa, mai tsami kamar me. Sai in buɗe ƙaramin ordinater ɗina in rubuta ɗaya a gabansa. Ɗigon mutum ɗaya bai kai ƙwayar gero ba, sai na yi ta matso da taswirar kafin ya fito. Ya kawo fuskarsa dab da gilashin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, muna nan."

Na yi masa faɗa ba sau ɗaya ba. Na ce wannan ba rayuwa ba ce, tsoho shi kaɗai cikin kangaye, in ɓarayi sun zo fa, in ciwo ya zo fa? Ya ce ɓarayi sun zo sun ga abin da ke akwai, sun sha ruwa sun wuce. Ban taɓa jin ya ce yana biyan wani laifi ba ne, ban kuma tambaye shi ba. Amma na lura a ɗakin Kawu Babba yake kwana, kuma sandar da yake dogarawa ta wansa ce.

Zuwana na ƙarshe ya rako ni har gindin kanyar da garin ya ci sunanta. Ya rame, numfashinsa yana fita da ƙyar. Ya ce, "Ranar da kika zo ba ki iske ni ba, kin san abin da za ki rubuta."

Na ce, "Kawu, don Allah bar wagga magana."

Ya ce, "Ki ji ni da kyau. Kada ki yi mani alfarmar da ban yi ma wana ba."

Wani manomi da ke zuwa gonarsa ta can shi ya iske shi zaune a zaure zazzaɓi ya rufe shi. Aka kawo shi gidan likita a Madarumfa, ya yi ƴan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa da safiyar wata Laraba. Inna ta so a mayar da shi gida a rufe shi kusa da iyayensu. Maza suka ce ba za a kwashi jama'a a shiga dajin nan ba. A nan aka rufe shi, cikin mutanen da ba danginsa ba.

Bayan sadakar arba'in aka buƙaci sabuwar taswira. Na buɗe gurbin Kanyar Maharba, ɗayan nan yana zaune yana kallona. Abokin aikina ya leƙo ya ce, "Bar shi mana. Ɗaya ne fa, wa za ya duba?" Gaskiya ya faɗa, babu mai dubawa. Na rufe na'ura na tafi gida. Kwana da kwanaki ina buɗewa ina rufewa. Daga ƙarshe na tuna ko sifirin ma ba ni da ikon rubuta shi ina zaune a biro, sai na je na ƙirga. Na gaya wa Inna. Ta ɗago kai ta ce, "Da ni za a tahi."

Moto biyu muka ɗauka. Mun isa rana ta ɗaga. Ƙofar zauren tana buɗe, tabarmarsa tana nan, gara ta fara cin gefenta. Na tsaya inda nakan tsaya, na yi sallama. Na jira. Ban san abin da nake jira ba. Na juya na fara zaga kangayen kamar yadda ya koya mini, ina sallama a kowace ƙofa.

Sai na ji murya a bayana. Inna ce ke biye da ni, tana tsayawa a kowane gida tana lanƙwasa yatsu. "Nan gidan maƙeri, shi da matanshi biyu, da ɗanshi na fari, da matar ɗan, da jinjirinsu." Ta yi ta kawo su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda suke a shekarar da aka yi rigimar hanya, da ƴaƴan farin da ba a ambata ba, da jariran da aka ce ba su isa ba, da yaran da aka kora gona. Matar da ban taɓa jin ta ƙirga ƴaƴan cikinta ba, ga ta tana ƙirga gari guda da ƙarfi.

Na ce, "Inna, ba ki tsoro?"

Ta ce, "Tsoron mi? Mi ya rage da za a ɗauka?"

Ni kuma hannuna ya saba, ina tarawa a zuci ba tare da na so ba. Ba mu kai rabin garin da nisa ba adadin ya wuce abin da aka nema a wancan lokaci. Na daina tarawa. Na jingina da wani bango na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar.

Muka ƙare a gidan ubansu. Inna ta wuce zaure ta tsaya gaban wani ɗaki da rufinsa ya rufta. Ta ce nan ta dawo goyon ciki, nan aka yanke mini cibi. Sai ta dube ni ido cikin ido, ta kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, da bakinta. Na waiga don na ɗauka wata take nufi.

Ta ce, "Ke ɗiyar garin nan ce. Na ƙirga ki. Rubuta ɗaya."

Na daɗe ina jiran ranar da Inna za ta ƙirga ni, ban taɓa zaton a kango za ta zo ba, kuma da roƙo a haɗe. Na ce, "Inna, inda mutum ke kwana nan ake ƙirga shi. Ni Madarumfa nike kwana."

Ta dube ni irin kallon da Kawu Babba ya yi wa ƙanensa a biro. Ta gyara mayafinta ta ce, "Ashe bai tahi da halin nashi ba." Ta wuce wajen moto. Daga ranar kuma na koma "ke".

Washegari na zauna a kujerarsa na goge ɗaya na rubuta sifiri. Na matso da taswirar iyakar matsowa, babu komai, fari fat. Hanyar kuwa na bi ta jiya da na'urar bin sawu a hannuna, daga farko har ƙarshe, tana nan, don haka na bar ta. Duk wanda ya buɗe taswirar yankinmu ta bana zai ga wani siririn zare ya rabu da latarit, ya ratsa kwari, ya tsaya a inda babu kowa. Abokan aiki sun ce kamar kuskure ne, in goge. Ban goge ba.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka shi kaɗai, kamar yadda ya zauna shi kaɗai. Kai ne ka san adadin kowa ba tare da ka tambayi uwarsa ba. Ka yafe masa taurin kansa, ka yafe mana namu, ka yalwata masa makwanci. Shi bai yarda ya ƙara wa kowa ko ɗaya ba, amma ni ina roƙon ka, in ka zo auna nasa, ka ƙara masa.